Amsa: Kama haya a cikin Badala, wato tsohon birnin Kano

Malam, tambayarka ita ce ko ka kama hayar saman benen da aka nuna maka kusa da Kasuwar Kurmi, tunda a Kantin Kwari kake kasuwanci. Ka kama. Kuɗin Adaidaita Sahu zai ragu sosai, masallaci da makarantar yara suna bakin ƙofa, ga maƙwabtan da kowa ya san kowa. Mota dai sai ka nemi wurin ajiye ta a bakin titi, don ba da ita aka yanka lungunan nan ba.

Amma kada ka ba dillali ko sisi sai ka san wanda ke da ikon bayar da gidan. Da yawa daga gidajen cikin gari na gado ne: an rushe ginin ƙasa an ɗora bulo, magada kuma ba su gama rabo ba. Na ga wanda ya biya kuɗin shekara, bai gama jera kaya ba wani magajin ya zo ya ce shi bai san zancen ba. Ku je wurin mai unguwa, a rubuta takarda a gabansa da shaidu, sannan ka biya.