Tambayi Likita: Abincin Da Aka Sauya Wa Ƙwayoyin Halitta

Likita, ni amarya ce. An ce cin abincin GMO, wato wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, yana sauya halittar mutum, har ya hana haihuwa.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Duk abin da kika ci, ganye ko nama, yana ɗauke da nasa ƙwayoyin halittar, kuma ciki da hanji suna narkar da su. Da abinci yana sauya halittar mai cinsa, da masu cin kaza sun daɗe da fid da fuka-fukai. Tun 1994 ake sayar da irin wannan abinci a Amurka, an fara da tumatir, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ke kasuwannin duniya sun tsallake gwajin lafiya.

Ni manomi ne. Masarar da ke kashe tsutsa, yaya ba za ta cutar da ni ba?

Malam, tambayarka ta yi ma'ana. An ɗauko ƙwayar halittar ne daga wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt, aka sa wa masarar, sai ta riƙa yin wani furotin mai kashe tsutsa. Furotin ɗin ba ya aiki sai ya samu hanji marar tsami irin na tsutsa, da wasu gurabe da zai maƙale a bangonsa. Cikin ɗan Adam tsami gare shi, ba shi da guraben, sai ya narkar da shi kawai.

Ni dai abin da ya fi damu na shi ne feshi. Wasu irin an yi su ne don su jure maganin ciyawa na glyphosate, wanda a 2015 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar kansa, ko da yake wasu hukumomi ba su yarda ba. Ka sa safar hannu da takunkumi, ka yi wanka bayan feshi.

Ɗana yana da borin jini. Akwai haɗari?

Yana iya yiwuwa, Hajiya, shi ya sa ake gwada kowane iri shi kaɗai. An taɓa sa wa waken soya ƙwayar halittar wata gyaɗar bishiya ta Brazil, gwajin da aka wallafa a 1996 ya nuna zai tayar wa masu borin gyaɗar, aka watsar da shi bai shiga kasuwa ba. Ki kai yaron a tantance abin da jikinsa ba ya so, ki riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin fakiti.