Amsa ga ɗan uwan da zai tuƙa Corolla daga Kano zuwa Legas

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Naga tambayarka cewa zaka tafi Legas da iyali a Corolla ɗinka kuma baka taɓa yin doguwar tafiya irin wannan da ita ba, kana so a faɗa maka abinda zaka duba. Na sha bin hanyar nan da motata, to bari in faɗa maka abinda na gani.

Don Allah kada ka kai motar gareji ana gobe tafiya. Ka kaita saura kwana biyar ko sati, ayi duk abinda za'ayi, sannan ka hau ta kayi ta yawo da ita, in da hali ma ka ɗan taɓa Zariya ko Wudil ka dawo. Ni wannan kuskuren na taɓa yi, ana gobe zamu tashi bakanike ya canza min robar lagireto bai ɗaure kilif ɗin da kyau ba, a gari babu abinda ta nuna, mun wuce Zariya kenan wajen Jaji sai naji wani wari kamar ana dafa abu, ina duba allurar zafin inji ta kusa kaiwa ja. Na faka gefe na buɗe bonet, ga ruwa yana tsiyaya ta bakin robar yana sauka kan inji yana tururi, ga yara a baya, ga rana. Awa uku muka yi a wurin. Da na gwada motar kwana biyu kafin nan da a ƙofar gida zanga ɗigon ruwan.

Kuma in irin haka ta same ka kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan fesowa yake, na ga wanda ya sale masa hannu. Kashe mota ka jira ta huce.

Sai taya, nan ne mutanenmu suka fi sakaci wallahi. Mutum sai ya duba yaga zanen taya bai cinye ba yace lafiya lau, alhali taya tana tsufa ko ba'a hau ta ba. A jikinta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali in kaga 2319 to an yita a sati na 23 na shekarar 2019. 'Yan Road Safety shekara huɗu suke lissafawa taya daga ranar da aka yita. Tayar tokumbo tana iya yi maka zirga-zirgar cikin gari, amma kwalta mai zafi, ga kaya ga mutum biyar, awa da awanni ana gudu, gaskiya ni bazan ɗora iyalina a kai ba. Ka duba gefenta ko akwai tsagewa ko ƙulli. Iska kuma da safe ake aunawa kafin taya tayi zafi, kuma ba yadda mai faci yaga dama ba, wasu sai su dura maka 45 ko 50. Buɗe ƙofar direba zakaga takarda a manne da adadin da kamfani ya ce, a irin motarka wajen 30 zuwa 32 ne. Safaya ma a fito da ita a auna, ka tabbatar jak yana ɗagawa kuma wil sifana ya shiga notinka.

Sauran na sabis ne bakanikenka ya sani, juyen baƙin mai da filta, man birki, man giya, fanbel, kan batir, waifa da fitilu. Birki dai kace a cire taya ka gani da idonka, saboda in ka wuce Lokoja ka shiga wajen Okene akwai hawa da gangara da kwana, ga tireloli.

Takardu kuma ka haɗa su a leda ɗaya: lasin tuƙi, na mota, inshora, da ta lafiyar mota, ka duba kwanan watan kowacce. In gilashinka mai duhu ne ka riƙe takardar izininsa. Tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku su kasance a but, don shingen bincike yana da yawa musamman in ka shiga kudu. Lambar gaggawa ta Road Safety 122 ce, ka ajiye ta a waya. Ni ina ƙarawa da jarkar ruwa, galan ɗin baƙin mai, tocila, wayar haɗa batir da igiyar ja.

Maganar hanya, tafiyar ta haura kilomita 1,000, kada ka ce sai ka kai a rana ɗaya kai kaɗai a sitiyari. Ni ta Abuja nake bi, Lokoja, Okene, Owo, Akure, Ife, Ibadan sannan Legas. Akwai ta Birnin Gwari zuwa Mokwa da Jebba, amma saboda matsalar tsaro ka tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin ka yanke shawara, sune suke da labarin jiya-jiya. Ka tashi bayan sallar asuba, ka kwana a Abuja ko Lokoja, tafiyar dare da iyali kam a'a. Mai in ya sauka rabin tanki ka cika a babban gidan mai, kuma duk bayan awa biyu ka tsaya yara su miƙe ƙafa kai kuma ka zagaya motar ka leƙa ƙarƙashinta.

In ka shiga Legas ka kula da layin da aka ware wa manyan bas ɗin haya na BRT da titin da ba'a bi sai ta gefe ɗaya, 'yan LASTMA, wato masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, basa wasa da wannan. Wace shekara ce Corollar taka, kuma yaushe rabonka da canza taya? Faɗa min sai in ƙara maka bayani. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.