Tambaya da Amsa: Gora za ta iya maye gurbin azara a rufin ɗakina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne daga unguwar Zariya nan Maraɗi, ina so in ƙara ɗaki ɗaya da rumfa a gidana amma azara ta yi tsada wallahi, katako kuma ba a magana. Wani abokina direba da ke zuwa Najeriya ya ce zai kawo mini gora da sauƙi, wai har siminti ana zubawa da ita maimakon ƙarfe. Dan Allah gaskiya ne? Kuma gara ba za ta cinye ta ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa a gama ginin lafiya. Gora kam abin gini ce na gaske, kuma ni ina son ta, don giginyar da ake tsagawa a yi azara sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta ƙosa kuma in an sare ta shike nan ta tafi, ita kuwa gora shekara 3 zuwa 5 ta isa sara, gindin yana nan a ƙasa yana sake tofo ba sai an shuka wata ba. Mu da muka ga yadda itace ya yi wuya a yankin nan har aka koma sassabin zamani tun wajen 1983 don a raya kututture a gona, ai mun san darajar abin da ke tofowa da kansa. A Hong Kong da ita magina ke ɗaura matakan da suke hawa jikin dogayen benaye, kuma akwai ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai suna INBAR da aka kafa a 1997, hedkwatarta a Beijing, aikinta kenan bunƙasa gora. Irin tamu ta Afirka tana yawa a Habasha, sai dai tana son ruwa fiye da daminar Maraɗi, shi ya sa sai an ɗauko ta daga kudu.

To amma tsoron da kake ji yana kan hanya. Cikin gora akwai sitati, shi ne abincin gara da wani ɗan ƙwaro mai huda ta. Na taɓa shiga wata rumfar gora da ba ta kai shekara biyu ba, na ga gari fari kamar fulawa ya zuba a kan tabarma, na ɗaga kai sai ga ƙananan huji kamar an soka allura, na matsa gorar da yatsa ta rufta. Ɗanya aka sa ta, ba a yi mata komai ba. Gorar da aka kafa a ƙasa haka nan da wuya ta wuce shekara 2 ko 3.

Saboda haka ka ce wa abokinka ya zaɓo ƙosassa wadda aka sara da rani, ba mai sheƙin kore ba. In ta iso ka samu dogon ƙarfe ka fasa gaɓoɓin cikin wadda ke da rami don ruwa ya ratsa, sai ka jiƙa ta a ruwan boras da asid borik, wato wasu magunguna masu kashe ƙwari, kamar kilo 5 na haɗin a lita 100 na ruwa, ta yi sati ɗaya zuwa biyu a nutse. In ba ka samu maganin ba, jiƙa ta cikin ruwa zalla wata ɗaya ko fiye yana rage sitatin, ko da yake bai kai maganin ba. Sannan ka shanya ta a inuwa fa, kar ka baza ta a ranar Maraɗi, tsagewa za ta yi. Wajen ɗauri ma kar kafinta ya buga mata ƙusa kamar katako, a huda a sa noti ko a ɗaure da waya, ƙafar rumfar kuma ta zauna kan dutse ko ɗan dakalin siminti, kwano ya zarce sosai don kar ruwan sama ya riƙa dukan ta, saboda ruwa yana wanke boras ɗin.

Maganar zuba siminti da gora kuwa, dan girman Allah kar ka yi. Gora tana shan ruwan ɗanyen siminti ta kumbura, in ta bushe ta tsuke ta saki jikinsa, daga baya ta ruɓe a ciki ba wanda ya gani, kuma iyalinka ne za su kwana a ƙarƙashi. Ginshiƙi da rufin siminti na bene ka sa musu ƙarfensu. Rumfar ka yi ta da gora gaba ɗaya, ɗakin kuma in faɗinsa bai wuce mita 3 ba za ta ɗauki kwano in an jera masu kauri kusa da juna, amma rufin ƙasa mai nauyi ka bar manyan azara a ƙasa, gorar ta hau kansu a matsayin shimfiɗa. Ka kai wa maginin ka sanda biyu ya gani kafin ka biya kuɗin mota guda.