Kafin ka kunna waya, fara zama bisa tabarma

Assalamu alaikum. Ɗana, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce kai ɗalibi ne a jami'a nan Maraɗi, kana son tattara labarin rayuwar tsofaffin da ake riƙo a gidan marasa galihu, da na masu yi musu hidima. Ka je sau biyu da takardar tambayoyi, ba ka samo komai ba sai "lafiya lau" da "sai godiyar Allah". Kana tambaya ko kuɗi za ka ba su don su buɗe baki.

Kada ka sayi magana. In ka ba da kuɗi za a ba ka labari, amma labarin da aka ga kana so ne, na yunwa da kuka, a ƙara masa gishiri don gobe ka dawo. Ka kai goro, ka kai sabulu ko hura in kana da hali, wannan gaisuwa ce, kowa ya san ta.

Ni malamar lakkol ce, na aje aiki, kuma yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina taimakawa a wani gida cikin tsohuwar unguwa. Ba na gwamnati ba ne. Wani bawan Allah ne ya bar shi sadaka, ɗaki bakwai da zaure, mata a ciki, maza biyu a ɗakunan waje. Ƴan unguwa ke kawo hatsi, lokacin azumi da layya kuma abin ya ɗan yalwata. Abu na farko da za ka kiyaye: kada ka ce "gidan gajiyayyu" a gabansu. Mu kanmu "gidan su Kaka" muke cewa. A garinmu tsoho a gaban ɗiyansa yake tsufa, saboda haka duk wanda ka tarar a irin wannan gida akwai abin da ya karye a bayansa: ko bai haihu ba, ko ya binne waɗanda ya haifa, ko sun tafi neman kuɗi Najeriya ko Libiya labari ya yanke. Shi ya san haka, ya kuma san ka sani. To ka zo da biro ka ce masa "me ya kawo ka nan?" Ai miki ka taɓa tun ba a gama gaisawa ba.

Tambayar shekaru ma ka bar ta. Yawancinsu takardarsu cewa ta yi an haife su "wajen" shekara kaza, wani ma'aikaci ne ya dubi fuska ya rubuta. Su da abin da ya faru suke lissafi. Ka ce, "Kaka, lokacin da ruwa ya ci gari kina ina?" sai ka ga ta gyara zama. Maraɗi ta farko can ƙasa take, bakin gulbi, tun zamanin da sarakunan Katsina suka baro birninsu bayan jihadi suka kafa zama a nan. Ambaliyar 1945 ce ta rushe ta, aka hau da gari bisa tudu, Nasara suka yanka tituna miƙaƙƙu. Muna da wata tsohuwa, Allah ya jiƙanta, da ta ga wannan ruwa tana ƙaramar yarinya. Ba ta san shekarar ba, ni na faɗa mata. Abin da ta riƙe shi ne ubanta ya ɗora ta a wuya cikin dare, ruwa ya kai masa ƙirji, tana jin rumbuna na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, uwarta kuma ta ƙi sakin akuya. Daga wannan akuyar ta ja mini zare har zuwa aurenta, don jikanyar akuyar aka sayar aka yi mata kayan ɗaki. Wace takardar tambaya ce za ta kai ka nan?

Haka za ka bi da sauran. Zamanin gyaɗa, da juyin mulkin Seyni Kunce a 1974 bayan babban fari, da yunwar 1984 da mutanenmu ke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, da karyewar darajar sefa a 1994, da yunwar 2005 da ta cika garin nan da uwaye masu goyon yara ramammu. Ka riƙe waɗannan a kanka, su ne tsaninka.

Ɗaya daga cikin mazan da muka riƙa ɗan dako ne tun yana saurayi. Ya ɗauki buhun gyaɗa ga kamfanonin Turawa, ya ɗauka kuma bayan an kafa SONARA, kamfanin gyaɗa na ƙasa, a 1962. In yana ba da labarin kakar gyaɗa har muryarsa canzawa take: raƙuma da jakai sun cika fili, ana awo, ana ɗinki, ana jibga buhuna har su fi soro tsawo, kuɗi a hannun kowa, makaɗa ba su kwana. Da fari ya kashe gyaɗa a shekarun 1970 sai ya koma dako a tasha, yana sauke kayan alhazai masu fatauci tsakanin nan da Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Shekara kusan hamsin yana ɗauka, amma ba a taɓa rubuta sunansa a littafin ma'aikata ba, don haka babu fansho. Bayansa ya tanƙware, ba ya iya kwanciya rigingine. Ya taɓa ce mini, "Malama, benayen garin nan da yawa bisa wuyana suka wuce." Ba da ɗaci ya faɗa ba, alfahari yake. Ka lura da wannan sosai, don masu zuwa da waya sun fi son hawaye, alhali tsoho ya fi son a san ya taɓa zama mai ƙarfi, an taɓa nemansa, ya taɓa ciyar da wani. In ka fara daga sana'arsa, baƙin cikin zai zo da kansa in lokacinsa ya yi.

Kuma lokacin yana da nisa. Akwai wata da ta zo daga wani ƙauye na yankin Mayahi. Shekara huɗu muna tare, kullum cewa take ba ta taɓa haihuwa ba. Wata ranar Alhamis ina yi mata tsifa, kanta na bisa cinyata, ba ta kallona, sai ta ce, "Anza in ba a jiƙa ta an yi ta sauya ruwa ba, ɗacinta ba ya fita." Na ce haka ne, don na san ƴaƴan itacen dajin nan da ake ci lokacin yunwa. Ta ce, "A El Buhari ba mu jira ba." Daga nan ta faɗa mini yara biyu ta binne a wannan shekara, mijinta ya tafi kudu neman hatsi ya tarar da iyaka a rufe, ya bi ta daji, bai dawo ba. Ban ce uffan ba, na ci gaba da tsifa har ta gama. Da na ɗago ta na dubi idonta, ko na ce "sai me ya faru?", da ta yi shiru har abada. Kusan duk labarin da na sani a gidan nan hannuna na cikin wani aiki na same shi, ko tsince zogale, ko shafa man zafi a gwiwa, ko gyaran gidan sauro. Kai namiji ne, tsifa ba taka ba ce, amma kana iya yanke wa tsoho farce, ka raka shi masallaci, ka ɗebo ruwa, ka karanta masa takardar magani.

Kana da wani makami da ni ban da shi: kai sa'an jikansu ne. Tsohuwa za ta ce maka "mijina", ta ce ka yi mata rowa, ina kuɗin cefane. Kada ka sunkuyar da kai kana murmushin ladabi, rama za ka yi. Ka ce ka yi sabuwar amarya ne don ita haƙoranta sun ƙare. Wasan kaka da jika ƙofa ce da al'ada ta bari a buɗe, abin da ba za ta faɗa wa ɗan cikinta ba saboda kunya, kai za ta faɗa maka tana dariya. Amma ka san iyakar kunyar. Kada ka matsa mata ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari, za ta ce "mai gidan" ko "yaron nan", ka karɓa haka. In ka ce yara nawa ta haifa, lissafin da za ta ba ka ba lallai ya cika ba, ba ƙarya ta yi ba, wasu ba a ƙirga su da baki.

Abin da ya fi ci mini rai a shekarun nan shi ne gigin tsufa. An taɓa kawo mana wata da aka koro daga gidan haya, wai mayya ce, don tana fita cikin dare tana kiran sunayen matattu, kuma yaron maƙwabta ya yi zazzaɓi. Ba maita ba ce, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, mutum ya manta abin da ya ci da safe amma ya tuna waƙar da aka yi masa ranar aure. Wannan baiwar Allah ba ta gane ni yau in ta gan ni jiya, amma in an ɗauko turmi tana jin lugude sai ta kama waƙar daka tiryan-tiryan. Irinsu in ka zauna da su, kada ka gyara musu zance. In ta ce uwarta na jiranta a gida, ka tambaye ta wace irin miya uwar ke yi. Sai dai kada ka rubuta maganarta a matsayin tarihin da ya tabbata sai ka ji daga wani.

Yanzu masu hidima, waɗanda ka ambata a ƙarshen tambayarka kamar ƙari. Ni a ganina rabin aikinka na wurinsu. Mu da ke zuwa da rana mu koma gida ana yi mana sannu, amma mai wahalar gaske ita ce matar da ke kwana. Ita ke juya mai shanyewar ɓarin jiki don kada bayanta ya yi gyambo, ita ke wankin zannuwan da aka ɓata tun asuba kafin kowa ya gani, don a rufa wa tsohuwa asiri. Abin da ake ba ta a wata bai kai jika ashirin na sefa ba, wani watan ma sai an yi karo-karo. Aure uku ta yi, duka rashin haihuwa ya fitar da ita. Na taɓa tambayarta ko ba ta gajiya, ta ce, "Malama, ɗakin da nake sharewa nawa ne gobe, bari in share shi da kyau." Ta fi kowa sanin wa ke kuka da dare, wa ke ɓoye tuwo ƙarƙashin matashi tun yunwar da ta wuce shekara arba'in. Akwai kuma ɗan garuwa da ya yi shekaru yana zuba mana ruwa bai karɓi dala ba, sai daga baya na ji uwarsa ta rasu a ƙauye yana cirani bai samu jana'iza ba. Akwai ma'aikacin likita da ke biyowa in ya tashi aiki ya auna hawan jini, ya ga wa yanar ido ta rufe a nema masa aikin ido. Kada ka tare su suna tsakiyar aiki. Ka sami matar nan bayan la'asar in ta zauna, kuma ka tambaye ta rayuwarta ita kanta, ba ta tsofaffi kawai ba. Ba na jin an taɓa tambayarta.

Sai amana. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Za ka ji abin da ba na bugawa ba ne. A garin nan da sarautar Iya, babbar sarautar mata, ke da tsohon tarihi da bori, za ka tarar da tsohuwar da ta yi girka a ƙuruciya, ta tuba, yanzu carbi ne a hannunta, ba ta son jikokin dangi su ji. Za ka tarar da wadda ta gudo daga ƙetaren iyaka a 2019, lokacin da ƴan bindiga suka koro dubban mutane zuwa yankin Gidan Runji, har yanzu tana tsoron a ambaci sunan ƙauyensu. Kafin ka ɗauki murya ka nuna musu wayar, ka ce ga abin da take yi, ga waɗanda za su ji. In ka gama ka kunna musu su saurara, abin da suka ce a cire ka cire. Hoto kuwa kada ka ɗauki kowa a kwance ko cikin tsumma. Ka bari ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na salla, ta sa kwalli. Na ga hoton wata tsohuwarmu yana yawo a WhatsApp ana neman taimako da shi, wani baƙo ne ya ɗauka ba da saninmu ba, kuma har ta rasu ba ta ƙara yarda ta fito tsakar gida in an yi sallama ba.

Wanda kuma ya ce ba ya magana, ka ƙyale shi, ka ci gaba da gaishe shi kamar kowa.

Kada ka yi jinkiri dai. Cikin mutum tara da na tarar a gidan nan ranar da na fara zuwa, biyu suka rage, ɗaya kuma ba ta ji sosai. Mai labarin akuya ta tafi cikin sanyin bara waccan, ban ɗauki muryarta ba ko sau ɗaya, abin da na riƙe a kaina kawai ya saura. In ka shirya, ka yi mini magana ta gefe mu sa rana. Zuwan farko da na biyu ka bar takarda da biro a gida, ka zo da goro fari, tsofaffin sun fi son shi, ka kuma zo da lokacin da ba za ka riƙa duban agogo ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar karatu.