Girid ko kilawud: wanne za ka koya?

Sani, yaron shago mai koyon haɗa sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) da netwok a titin Beirut da ke Kano, ya tambayi maigidansa: "Maigida, tunda kowa ya koma kilawud, akwai sauran amfani a koyon girid, ko dai ya mutu?" Ga amsar da ya samu.

Bai mutu ba, Sani, sai dai kasuwarsa ta ragu. Girid aikin gayya ne: jami'o'i da cibiyoyin bincike, kowa da nasa injinan da mai kula da su, su yarda su haɗa ƙarfi su raba aiki. Kilawud kuwa haya ce, ka biya Amazon ko Google ko Microsoft su ba ka inji na awa ɗaya ko na wata, ka gama ka mayar. Tun da Amazon ta buɗe EC2, tsarinta na ba da hayar injina ta intanet, a 2006 'yan kasuwa suka karkata can, don babu mai son zaman yarjejeniya na watanni kafin ya kunna sabar. Globus Toolkit, manhajar da aka gina yawancin girid na farko a kanta, an daina kula da ita a 2018.

To amma dubi CERN, cibiyar binciken kimiyyar fiziks ta Turai da ke Jeneba. Girid ɗinsu ya haɗa cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe sama da 40, da shi aka tace bayanan da suka kai ga gano ƙwayar Higgs, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke tushen halitta, a 2012, kuma har yau yana aiki. Abin da ya hana su kwashe komai su kai kilawud lissafi ne. Injin da zai yi aiki dare da rana shekara da shekaru, mallakarsa ta fi hayarsa arha. Sannan kamfanonin haya kan bar ka ka shigar da bayanai kyauta, amma fitar da su sai ka biya kan kowane gigabait. Farashin kuma da dala ake lissafa shi, ka kuwa san yadda dala take da naira.

Ka ɗauka wata makaranta ta kira ka, tana da kwamfuta 40 da ke zaman banza da dare. Ka sa musu Linux da HTCondor, manhajar da ke raba wa kwamfutoci aiki. Guda ɗaya ta zama shugabar rabon aiki, ɗaya ta karɓi ayyukan da ake turowa, sauran su yi aikin. Ka buɗe ƙofa mai lamba 9618 a fayawol, wato katangar tsaron netwok, ka sa suwic (na'urar da ke haɗa wayoyin kwamfutocin) na gigabit da waya Cat6. Ranar da kuka jona wannan rukuni da na wata makarantar, kun shiga girid ke nan.

A nan ne aikin yake cin mutum. Agogon injinan in ya saɓa, takardun shaidar shiga sai su ƙi karɓuwa, galibi kuma ɗan batirin nan CR2032 na kan madabod, babban allon cikin kwamfuta, ne ya mutu. Ka canza shi, ka sa manhajar chrony ta daidaita lokaci. Aiki ya yi a wannan inji ya ƙi a wancan saboda sigar manhaja ta bambanta, maganinsa ka naɗe shi da duk manhajojin da yake buƙata cikin ƙunshi ɗaya, wato kwantena, da manhajar Apptainer. Sai wuta: in kowace kwamfuta tana jan wat 150 a cikakken aiki, 40 sun kai kilowat 6, ban da fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Dole aikin ya riƙa ajiye inda ya tsaya duk bayan 'yan mintoci, in ba haka ba a ɗauke wuta da asuba ka koma farko. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu su ma suna sa furosesa ta rage gudu don kada ta ƙone, sai ka riƙa busa ƙurar kana sabunta man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya ta.

Kuma ba kowane aiki ne ya dace ba. Wanda ke yankuwa gunduwa-gunduwa, kowane yanki bai damu da ɗan'uwansa ba, shi ne na girid. Hasashen yanayi ko horar da manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, inda injina ke magana da juna kowane lokaci, suna son ɗaki ɗaya da waya mai tsananin sauri. Ka kuma auna nauyin bayanai tun farko: terabait ɗaya a layin megabit 100 sai ya ci wajen awa 22.

A ganina gaba ta haɗin biyun ce. Aikin yau da kullum a injinan gida da na abokan haɗaka, in layi ya cika a ɗauko na haya na 'yan kwanaki. Cibiyar bincike ta Fermilab da ke Amurka ta gwada haka da Google a 2016, da ƙwaƙwalwar furosesa wajen 160,000. In za ka yi naka, ɗauki injinan rara masu arha, wato waɗanda ke zaune a kamfanin babu mai haya, amma ka sani Amazon gargaɗin minti biyu take bayarwa kafin ta karɓe su. Ka saita ƙararrawar da za ta sanar da kai in kuɗin haya ya yi yawa kafin ka kunna ko guda.

Gobe ka fito da tsofaffin kwamfutoci ukun nan na bayan kanta, ka sa musu HTCondor, ka tura aiki 100. Yana tsaka da tafiya ka zare wayar guda ɗaya, mu ga ko sauran za su ɗauki nata.