Amsa: me ke sa banish ɓarewa a katakon tik na jirgin ruwa?

Malam, ɓarewar da ka ce kana gani, man da ke cikin tik ɗin (wato teak, wani irin katako mai maiƙo) ne ya hana banish kamawa. Kankare tsohon shafin kaf, ka goge da samfefa mai lamba 120, sannan 220, kana bin tsawon katakon. Goge da tsumma mai asiton (ruwan sinadari mai narkar da maiƙo) har ya daina fita rawaya, ka shafa banish da zarar katakon ya bushe, domin man yana sake tasowa. Shafin farko a sirka rabi da rabi da tina (ruwan sirka fenti) don ya shige ciki. Sai a ƙara shafi shida zuwa takwas, ana bi da samfefa 320 tsakani. Daɓen da ake takawa kuwa kada ka sa masa banish, santsi yake yi idan ya jiƙe.