Tambaya da Amsa: Core i7 Mai Ƙaramin Ram, ko Core i5 Mai Wadataccen Ram?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin lissafin kuɗi da shirya rahotanni, kuma ina shirin sayen sabuwar kwamfutar tebur. An nuna mini guda biyu da kuɗinsu ya yi kusan ɗaya: ta farko tana da furosesa Core i7 da ram gigabait 8, ta biyu kuma Core i5 da ram gigabait 16. Yawancin aikina a Excel da Word ne, ina barin shafukan intanet da yawa a buɗe, wani lokaci kuma ina gyara gajerun bidiyo. Mai sayarwa ya dage cewa i7 ta fi. Don Allah ku ba ni shawara. Daga wata mai karanta mujallar nan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, ram kuma ma'ajiyar wucin gadi ce ta abin da ake aiki a kai. Idan furosesocin biyu 'yan zubi ɗaya ne, wato an fitar da su a rukuni guda, ki ɗauki i5 mai ram 16 hankalinki kwance. Sai dai maganar zubin nan ita ce ginshiƙin al'amarin, kuma ita ce ba a faɗa miki ba.

Sunayen i3, i5, i7 da i9 matsayi kawai suke nunawa a tsakanin furosesocin da kamfanin Intel ya fitar a lokaci guda, ba su nuna shekarar da aka ƙera su. Zubin ne ke nuna tsufansu, kuma yana cikin lambar da ke biye da sunan. A Core i5-12400, alal misali, 12 ɗin farko na nufin zubi na 12, a Core i7-4770 kuwa 4 ɗin farko na nufin zubi na 4, wanda ya fito tun 2013. Wannan i7 ɗin yana da ƙwayoyin aiki huɗu, wato sassan da kowannensu ke iya ɗaukar aiki shi kaɗai, i5-12400 kuma, wanda ya fito a farkon 2022, yana da shida, kuma kowace ƙwaya tasa ta fi ta tsohon sauri nesa ba kusa ba. Hatta i3-12100, ƙaramin ɗan'uwansa, ya wuce wancan i7 ɗin. Saboda haka duk wanda ya ce miki "i7 ce" ya yi shiru, rabin magana ya faɗa, ki nemi ya rubuta miki cikakkiyar lambar. Kada kuma adadin GHz, wato ma'aunin saurin bugun furosesa, ya ruɗe ki: tsohon yana farawa daga 3.4, sabon daga 2.5, amma sabon yana kammala aiki mai yawa a kowane bugu, kuma yana hawa har 4.4 idan aiki ya yi nauyi.

Akwai ƙarin dalilin da ya sa nake nanata wannan batu. Windows 11 ba ya karɓar yawancin furosesocin Intel da suka girmi zubi na 8 a hukumance, Microsoft kuma ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba, 2025. Akwatin kwamfuta na iya zama sabo fil alhali abin da ke cikinsa ya kwana biyu, kuma mai riƙe da lissafin kuɗin jama'a bai kamata ta zauna a kan manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka ba.

Sai batun ram. Duk abin da kika buɗe, a cikin ram yake zama domin furosesa ya same shi nan take. Idan ram ya cika, kwamfuta tana kwashe wani ɓangare ta jibge shi a faifan ajiya, wanda ya fi ram jinkiri ƙwarai, sai furosesa ya koma zaman jira komai ƙarfinsa. Wannan ita ce cijewar da mutane ke gani idan suka tashi daga wannan shafi zuwa wancan, su ɗora wa furosesa laifin da ba nasa ba. Windows 11 yana tashi da gigabait 4, amma shi da manhajar shiga intanet kaɗai suna cinye kaso mai tsoka na gigabait 8 kafin ki buɗe babban jadawalin Excel, balle bidiyo. Kina iya gwadawa a kwamfutar da kike aiki da ita yanzu: ki buɗe duk abin da kika saba buɗewa, ki danna Ctrl, Shift da Esc tare, ki duba yawan ram ɗin da ake ci. A ganina, irin aikinki 16 ne daidai da shi, 32 kuma sai idan gyaran bidiyon ya zama sana'a.

Domin adalci ga mai sayarwa, akwai hujja ɗaya a ɓangarensa: ƙara ram daga baya abu ne mai sauƙi, sauya furosesa kuwa yana da wahala da tsada. Idan i7 ɗin sabon zubi ne, babban allon kwamfutar yana da gurbin da ba a cika ba, kuma kina da halin ƙara wani gigabait 8 nan kusa, to ɗaukarsa ba kuskure ba ne. Abin da na sha gani shi ne, "zan ƙara daga baya" takan ɗauki shekaru.

Kowacce kika zaɓa, ki sa a buɗe akwatin a gabanki. Gara gigabait 16 ɗin ya zo a sanduna biyu masu 8 kowanne da ya zo a sanda ɗaya, domin biyun suna aiki ta hanyoyi biyu lokaci guda, kuma amfanin hakan ya fi fitowa a kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, wato katin da ke sarrafa hoton da ake gani a fuskar kwamfuta. Ki tambaya ko nau'in ram ɗin DDR4 ne ko DDR5, domin tsagar da ke ƙasan sandunan ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Ki tabbatar kuma ma'ajiyar SSD ce, wato mai sauri wadda ba ta juyawa, tunda tsohon faifai mai juyawa zai danne duk ƙoƙarin da kika yi. Idan lambar furosesan Intel ta ƙare da harafin F, ba shi da sashen nuna hoto a cikinsa, dole sai an haɗa shi da kati.

Tambaya: Malam, an ce AMD ba ta kai Intel inganci ba. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wannan tsohon zance ne, ɗan'uwa. Tun da kamfanin AMD ya fitar da furosesocinsa na Ryzen a 2017, kamfanonin biyu suke kafaɗa da kafaɗa, kuma Ryzen 5 na zamani tsaran Core i5 ne. Abin lura shi ne gurbin furosesa: tsohon gurbi AM4 yana tafiya da DDR4, sabon kuma, AM5 na 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa. Idan ka zaɓi AM4 kuma ba ka da niyyar sayen katin hoto, ka nemi wanda lambarsa ta ƙare da G, irin su Ryzen 5 5600G, domin yana da sashen nuna hoto a cikinsa.